Daso: Wadda Ta Fito a Muguwa Don Mu Gyara Hali



Darasinmu na wannan mako a kan wata 'yar wasan kwaikwayo ne wadda kusan kowa a cikinmu ya taɓa gani a talabijin ko a wayar gidansu, wato marigayiya Hajiya Saratu Giɗaɗo, wadda aka fi sani da Daso. Amma kafin in shiga tarihinta, bari in faɗi dalilin da ya sa na zaɓe ta.

Dalilin wannan rubutu

A zangon da ya wuce ƙungiyar wasan kwaikwayo ta makarantarmu ta shirya wasa don ranar ba da kyaututtuka. Labarin wata marainiya ce da kishiyar uwarta ta hana ta zuwa makaranta, kullum sai ta ɗora mata tallan rake. Da Malama ta tambayi wadda za ta fito a marainiya, mu tara muka ɗaga hannu. Da ta tambayi wadda za ta fito a kishiyar uwa, sai aji ya yi tsit, kowa ta sunkuyar da kai. A ƙarshe ni na karɓa, ba don ina so ba, sai don kada wasan ya rushe.

Ranar wasa na ɗaura zanen Innarmu, na turo ɗankwali gaba, na riƙe ƙugu, na yi ta zazzaga masifa. Mutane suka yi ta tafi. Amma washegari a hanyar ɗiban ruwa sai yara suka fara kirana Muguwa. Har wata 'yar aji ɗaya ta daina gaishe ni. Na koma gida ina kuka, na ce ni da wasa har abada. Kakata ta bari na gama, sannan ta ce: "Ke 'yar nan, kwana ɗaya kika yi muguwa kike kuka? Daso fa shekara nawa ta yi?" Wannan tambaya ce ta sa na je na bincika, na tambayi malaminmu na Hausa, na kuma saurari labarinta a wayar yayata. Ga abin da na samo.

Wasan kwaikwayo ba baƙo ba ne a wurinmu

Wasu suna zaton da zuwan fim aka fara kwaikwayo a ƙasar Hausa. Ba haka ba ne. Tashen da muke yi daga goma ga watan azumi kwaikwayo ne, domin yaro yakan sa gemun auduga ya zama tsoho, yarinya ta zama uwar gida. Wasan 'yartsana ma kwaikwayon aure da zaman gida ne. A gidajen sarauta kuma akwai wasan gauta, inda matan fada suke kwaikwayon sarki da fadawansa, kowa ya ga halinsa a fili, a yi dariya, mai gyara ya gyara. Ke nan mata sun daɗe a cikin wannan fage.

Da ilimin boko ya zo sai aka fara rubuta wasanni ana yin su a kan dandamali a makarantu. A nan mu mutanen wannan yanki muna da abin alfahari, domin Shu'aibu Maƙarfi, wanda ya rubuta Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu, ɗan ƙasar Maƙarfi ne. A cikin Jatau Na Kyallu, Kyallu ce matar da ta jefa attajirin mijinta cikin wahala. Duk makarantar da za ta yi wannan wasa, dole a samu wadda za ta yarda ta zama Kyallu. In babu ita, babu labari, babu darasi.

A shekarar 1962 aka buɗe gidan talabijin a Kaduna. Daga nan wasa ya tashi daga dandamali ya shiga ɗakunan mutane. Iyayenmu har yau suna ba da labarin Samanja Mazan Fama na marigayi Usman Baba Pategi, da marigayi Ƙasimu Yero mutumin Zariya. Cikin matan wancan zamani akwai Hajiya Ladin Cima, wadda aka fi sani da Tambaya. Sai kuma a 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da fim ɗin Turmin Danya a kaset. Daga nan harkar fim ɗin Hausa ta bunƙasa, har aka raɗa mata suna Kannywood. Wannan ita ce hanyar da aka share kafin Daso ta shigo.

Wace ce Daso?

An haifi Saratu Giɗaɗo ranar 17 ga Janairu, 1968, a Kano. Kafin ta shiga harkar fim malamar makaranta ce. Wannan ya ba ni mamaki ƙwarai, domin ban taɓa zaton matar da nake gani tana zare ido a talabijin ta taɓa riƙe alli ba.

Ta fara fitowa a shekarar 2000, a fim ɗin Linzami Da Wuta na kamfanin Sarauniya da ke Kano. A lokacin tana da shekara 32, wato ba da ƙuruciya ta shiga ba, ta shiga da hankalinta da iliminta. Bayansa ta fito a finafinai da yawa, daga cikinsu akwai Nagari, da Gidauniya, da Mashi, da Sansani. Ta yi shekara 24 tana wannan sana'a. Ta fara tun zamanin kaset, ta ga zamanin faifai, ta kai har zamanin da ake kallon wasanni masu dogon zango a tashoshin talabijin da YouTube.

Irin fitowar da aka san ta da ita

An fi sanin Daso da fitowa a masifaffiyar mace: ko muguwar kishiya, ko uwar miji mai takura wa suruka, ko mai kitsa makirci ta raba aure. Duk wanda ya kalli finafinanta zai lura da abubuwa uku da take aiki da su.

Na farko murya. Takan ɗaga ta inda ake faɗa, ta kuma sassauta ta inda take yaudara, har mai kallo ya gane cewa daɗin bakin nan akwai ƙugiya a cikinsa.

Na biyu fuska da jiki. Harara ɗaya, ko taɓe baki, ko tafa hannu, sun isa su gaya maka abin da ke zuciyar matar da take kwaikwaya, tun kafin ta ce uffan.

Na uku harshe. Ta iya habaici da gatse da baƙar magana irin ta tsakar gida. Shi ya sa mai kallo yakan ji kamar ya san wannan mata a unguwarsu. Kuma a tsakiyar masifar takan saki maganar da za ta sa ka dariya ba ka shirya ba.

Malaminmu na Hausa ya ce mana fitowa a mutumin kirki ta fi sauƙi, domin tun kafin ka buɗe baki masu kallo suna tare da kai. Mai fitowa a mugu kuwa aikinsa shi ne ya sa a ƙi halin da yake nunawa. In aka tashi daga kallo ana jin haushinsa, to ya ci jarrabawa. Da na ji haka sai na tuna da yarinyar nan 'yar aji ɗaya da ta daina gaishe ni. Ashe maki ta ba ni ban sani ba.

Daso ta fim daban, Saratu ta gida daban

Hausawa sun ce ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare, kuma ba a sanin halin mutum daga nesa. Waɗanda suka yi aiki da Daso sun shaide ta da fara'a da barkwanci da son mutane. A shekarar 2016 aka ba ta muƙamin jakadiya a fadar Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II. Jakadiya a al'adar fada ita ce mai kai saƙo tsakanin sarki da cikin gida, kuma ba a ba da wannan aiki sai ga wadda aka yarda da hankalinta da riƙon amanarta. To ku duba: matar da ta shekara da shekaru tana fitowa a mai cin amana, ita ce aka ba aikin amana.

Allah ya yi mata rasuwa a Kano ranar Talata, 9 ga Afrilu, 2024, a ƙarshen watan azumi, ana gobe Ƙaramar Sallah. Ta yi sahur ta koma ta kwanta, ba ta farka ba. Tana da shekara 56. Abokan aikinta da masu kallo da shugabanni sun yi ta'aziyyarta, har da shugaban ƙasa. Mutanen da suka sha jin haushinta a fim su ne suka yi ta yi mata addu'a. Allah ya jiƙanta da rahama, ya sa ta huta, amin.

Darussan da za mu ɗauka

1. Rawar da mutum ya taka a wasa ba ita ce halinsa ba. Wanda ya fito a ɓarawo bai saci komai ba, wadda ta fito a muguwa ba ta cuci kowa ba. Kiran ɗalibi da sunan banza saboda wasan da ya yi zalunci ne, kuma yana kashe wa wasu gwiwa.

2. Mai fitowa a mugu shi ma malami ne. Malama a aji takan ce mana kada mu zalunci maraya. Mai wasa kuwa nuna mana take yi yadda zaluncin yake, mu ga muninsa da idonmu. Gani ya kori ji. Daso ta bar aji, amma a ganina ba ta bar koyarwa ba.

3. Karatu ne gaba. Daso ta yi karatu har ta koyar kafin ta fara fim. Mai wasa yana buƙatar karanta labari, ya haddace maganganunsa, ya fahimci abin da ake nufi. Wanda bai iya karatu ba, ko yarjejeniyar aikinsa sai an karanta masa.

4. Suna daban, kuɗi daban. Kada mu ɗauka duk wanda ake gani a talabijin ya yi arziki. A watan Fabrairu na 2022 Hajiya Ladin Cima ta faɗa wa sashen Hausa na BBC cewa akan sallame ta da naira 2,000 ko 5,000 bayan ta yi aiki a fim. Wasu masu shirya finafinai sun musanta, sun ce suna ba ta fiye da haka, aka yi ta muhawara. Ko ma dai yaya ne, wannan ya nuna mana cewa sana'ar tana da wahalarta, kuma ba dabara ba ce ɗalibi ya ajiye littafi don yana mafarkin zama tauraro.

5. A yi komai da izinin iyaye da kamun kai. Wasan makaranta a gaban malamanmu da iyayenmu muke yin sa, da shiga ta mutunci, da labari mai amfani. Ni kaina sai da Baba ya karanta takardar wasan kafin ya yarda in fito.

Gwada kanka

Ka rufe abin da ke sama da hannunka ka amsa:

(a) A wace shekara Daso ta fara fitowa a fim, kuma mene ne sunan fim ɗin?
(b) Wane aiki take yi kafin ta shiga harkar fim?
(c) Kawo sunan littafin wasan kwaikwayo ɗaya na Shu'aibu Maƙarfi.
(d) Su wa suke yin wasan gauta, kuma wa suke kwaikwaya?
(e) A ganinka, me ya sa fitowa a mugu ta fi wuya?

Duk wanda ya amsa ya rubuta a takarda da sunansa da ajinsa, ya jefa a akwatin ƙungiyarmu kafin ranar Juma'a. Za mu liƙa sunayen waɗanda suka ci a allon mako mai zuwa.

Kammalawa

A wannan zangon ma ana shirya sabon wasa, a kan magudin jarrabawa. An samu mai fitowa a shugaban makaranta, an samu mai fitowa a ɗalibi mai gaskiya. Amma yau mako biyu ke nan ana neman wadda za ta fito a uwar da ke ba da kuɗi a sayo wa ɗanta amsa, da wanda zai fito a ɗalibin da aka kama da takarda a cikin safa. Kowa yana tsoron sunan da za a liƙa masa. Malama ta ce in ba a samu ba zuwa ƙarshen wata, za a fasa wasan.

Ni dai na riga na faɗa wa Malama cewa in babu wadda ta fito, zan sake ɗaura zanen Innarmu. Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma ba zan iya zama uwa in zama ɗa a lokaci guda ba. Ana gwajin wasa kowace Laraba bayan an tashi, a ƙarƙashin bishiyar darbejiya ta bayan ofishin malamai. Mai so ya nemi izini a gida ya zo. Sauran 'yan'uwa kuma, in kun ga mun fito a mugaye kun ji haushi, ku ji haushin halin, ku gaishe mu a hanya.

Wassalam.

Daga 'yar'uwarku ta aji biyu, ƙaramar sakandare,
Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta.