Tocila Daban, Fitilar Keke Daban

Gyaran keke nake yi a Saint-Fons, kudu da Lyon, kuma yawancin masu kawo mini aiki samari ne masu kai abinci gida-gida. A cikinsu akwai wani yaro ɗan Maraɗi, mai ladabi, da ke ce mini Kawu. Da aka mayar da agogo baya a ƙarshen Oktoba, duhu ya fara riskarsa a bakin aiki, sai ya zo yana nuna mini tocilar da ya saya ta intanet. An rubuta lumen 10,000 a kwalin. Ƙarya tsagwaronta! Batir 18650 guda ɗaya ne a cikinta, na ba shi amsa tun kafin ya kunna. Ya ce, "Kawu, ai biyu nake ci da ita: hanya, da kuma duba sunaye a ƙofar gidaje." Da roba yake ɗaure ta a keke; na ce masa roba ba ta riƙe tocila, ya yi dariya ya tafi.

A dare guda sai ya cire ta ya mayar ba adadi. Robar ta saki. Ran nan ana yayyafi, yana dawowa daga unguwar Gerland, ya taka rami, tocilar ta ɗaga kai ta haske idon wata mata da ke tahowa a nata keken, shi kuma ƙasa ta yi masa baƙi ƙirin. Suka yi karo. Matar ta tsira da ƙujewa, shi ya karye a kafaɗa. Ga haya, ga na gida suna jiran aike, ga shi zaune babu aiki. Abokinsa ne ya turo mini keken, gaba ya lanƙwashe, tocilar kuwa ko kwarzane babu. Wannan ya fi komai ɓata mini rai.

Hasken tocila zagaye yake, rabinsa sama yake tafiya. Fitilar keke ta gaske tana yanke haske daga sama ta zuba shi a kwalta. Ku nemi mai alamar StVZO ta Jamus. Ku sayi fitilar keke mai cirewa, kada ku ɗaura tocila a keke. Mariƙin ya zama mai noti, wanda fitila ke shiga ta ce ƙas, ta koma daidai inda aka saita ta. Mariƙi ya fi lumen muhimmanci. A cikin gari lumen 300 zuwa 500 sun isa.

Masu sayarwa a intanet da ke cika kwali da sifili, Allah ya shirye ku. Ku ma masu saye, kuna jin adadi sai hankali ya tashi, ba mai tambayar awa nawa za ta yi kafin ta dushe. Sanyin Disamba yana cinye batir, kuma rana na faɗuwa wajen ƙarfe 5. Don jure ruwa, ku nemi mai alamar IPX4 ko sama.

Dokar Faransa ta ce fari ko rawaya a gaba, ja a baya, tarar Yuro 11. Wasu na raina kuɗin. In ka cire ta gaba ka hau bene da ita, ta baya fa? Rabin kekunan da ke shigowa shagona babu ita sam.

Kuma na sake faɗa, banda roba. Ko ta tiyub ce, ko igiyar leda, ko salatif, in na gani zan yanke kafin in taɓa birki.