Darasin Kwamfuta: Idan Rubutu Ya Ƙi a Burauza

Ɗalibai da yawa, har da magatakardan ikilisiya, suna rubuta aikinsu a Google Docs ko Word na intanet. Wata rana a liƙa rubutu ya ƙi shiga, ko haruffa su hargitse, mutum ya ce kwamfuta ta lalace. Sau da yawa laifin na burauza ne.

Kowace burauza da injin da take karanta shafi da shi. Firefox, wadda ta fito a 2004, tana amfani da Gecko. Safari tana da WebKit. Chrome ta koma Blink a 2013, Edge kuma ta bi ta a 2020. Shi ya sa abu ɗaya yakan yi aiki a nan ya ƙi a can. Internet Explorer kuwa, Microsoft ta daina kula da ita a 2022, kada a dogara da ita.

In matsala ta taso, a bi wannan tsari:

1. Kafin komai, a kwafe rubutun a ajiye wani wuri.
2. A danna F5 a sabunta shafin.
3. In liƙawa da linzami ta ƙi, a yi Ctrl+V. Ctrl+Shift+V yana liƙa rubutu zalla, ba ado.
4. In ɓ, ɗ, ƙ sun zama 'yan akwatuna, salon haruffan ne ba shi da su. A canza shi.
5. In duk an gwada bai yi ba, a buɗe aikin a wata burauza.

Aikin mako guda yana iya salwanta cikin minti ɗaya. Rigakafi ya fi magani.