Kwamfuta Ɗaya, Ɗalibai Da Dama

A ce wata makaranta a Mawashi kwamfuta ɗaya tak gare ta. Shin dole ne ɗalibi ya rufe aikinsa kafin wani ya zauna? A'a. Da tsarin X Window, wanda aka ƙirƙiro a jami'ar MIT ta Amurka a 1984, kwamfuta mai Linux kan buɗe wa mutane da dama shafin aiki lokaci guda, kowa da kalmar sirrinsa, tamkar ɗakuna cikin gida ɗaya. Windows XP ta kawo makamancin haka a 2001. Sai dai ƙwaƙwalwar na'urar ɗaya ce, kowane shafi yana cin rabonsa. Wanda kuwa ya kashe ta, ya salwantar da duk aikin da ba a adana ba. Saboda haka darasin farko shi ne adana aiki kafin a tashi.