Nasiha Ga Masu Zuwa Karatu Ƙasar Sifen

Darasinmu na wannan mako ya shafi samarinmu masu tafiya neman ilmi ƙasar Sifen, wadda malamanmu suka sani da sunan Andalus.

Ya kai ɗalibi, ka sani Musulmi sun shiga ƙasar nan a 711, mulkinsu kuwa bai ƙare ba sai 1492, shekarar da Garnaɗa ta faɗi. Muwaɗɗa da ake karantawa a zaurukanmu ruwayar Yahaya ɗan Yahaya ce, malamin Ƙurɗuba. Ibn Asim kuma, mai Tuhfatul Hukkam, alƙalin Garnaɗa ne. Ashe ƙasar da za ka tana da haƙƙi a kan ilminmu.

Amma ka kiyaye abu uku. Na farko, abinci: naman alade da giya sun yawaita wurinsu, har kitsen alade kan shiga wasu kayan fulawa. Sai ka tambaya kafin ka ci, ka nemi mahautan halal.

Na biyu, salla: yarjejeniyar 1992 ta ba ɗalibai Musulmi na makarantun gwamnati izinin barin aji ran Juma'a daga ƙarfe 1:30 zuwa 4:30, idan sun nema. Kada kunya ta hana ka nema.

Na uku, masallacin Ƙurɗuba coci ne tun 1236, ba a barin Musulmi su yi salla a ciki. Ka ziyarce shi don izina, ka yi sallarka a masallatan yau, irin na Garnaɗa da aka buɗe a 2003.

Allah Ya tsare mana imaninmu, amin.