Iskar Farkon Damina: Gargaɗi ga Magidantan Jama'are da Ƙasar Katagum

Wannan 'yar takarda an rubuta ta ne domin magidantan Jama'are da na garuruwan da ke kewaye da ita, tun daga Hanafari da Dogon Jeji har zuwa Azare da sauran ƙasar Katagum, a kan wata masifa wadda take zuwa mana kusan kowace shekara, a lokaci sananne, daga jiha sananniya, amma duk da haka in ta zo sai ta riske mu kamar ba mu taɓa jin labarinta ba. Ita ce iskar nan mai ƙarfi da ke gabatar ruwan farko, tsakanin ƙarshen bazara da faɗuwar damina, galibi a watannin Mayu da Yuni, wadda takan yaye rufin ɗaki, ta kayar da katanga, ta tumɓuke itace, ta bar mai gida da iyalinsa a fili cikin ɗan lokacin da bai kai na sallar raka'a huɗu ba.

Masana ilmin yanayi sun bayyana sababinta, kuma bayanin ba shi da wuyar fahimta. Ƙasarmu iska biyu ke mulkinta bi da bi: busasshiyar iskar hunturu da ke fitowa daga hamada ta arewa maso gabas, da kuma iska mai laima da ke tasowa daga teku ta kudu maso yamma. A ƙarshen bazara, sa'ad da rana ta gasa ƙasa har gumi ya hana mutane barci a ɗaka, sai mai laimar ta kutso ƙarƙashin busasshiyar, zafi ya ɗaga ta sama, gizagizai su taru su yi tsiri, su jeru sahu guda mai tsawon gaske, su nufo yamma. Shi ya sa hadarinmu daga gabas yake haɗowa, abin da kowace tsohuwa ta sani tun kafin a buɗe makarantar boko. Ruwan da ke zubowa a cikin hadarin yakan janyo iska mai sanyi ta faɗo ƙasa da nauyi, ta bazu a gabansa tana tura jar ƙura, to, wannan sanyin da mutum kan ji ya buge shi farat ɗaya bayan tsananin zafi, shi ne manzon ɓarna, kuma tsakaninsa da ita ba nisa. Akwai wani lissafi da ya kamata kowane kafinta ya haddace: in gudun iska ya ninka sau biyu, ƙarfin da take dannar rufi da shi yakan ninka sau huɗu.

Ba mu kaɗai Allah ya jarraba da wannan ba. A Amurka, a ƙarshen lokacin sanyinsu, iska mai ɗumi daga tekun Meziko takan yi karo da mai sanyi daga arewa, sai a sami guguwa mai juyawa wadda ta fi tamu muni nesa ba kusa ba. A ranakun 5 da 6 ga Fabrairu na 2008 irinta ta kashe mutum 57 a jihohinsu na kudu, yawancinsu cikin dare, da yawansu kuma a gidaje marasa nauyi waɗanda ba a kafe su sosai a ƙasa ba. Can ma ashe raunin gini ne ke nuna wa iska ƙofa.

Amma ba sai mun tafi nesa neman izina ba. A ranar Asabar, 16 ga Yuni na 2018, kashegarin ƙaramar Salla, mutane na tsakiyar ziyara da ado, iska ta auka wa birnin Bauchi da maraice, ta yaye rufin gidaje da makarantu, ta karya turakun wutar lantarki, aƙalla mutum 8 suka riga mu gidan gaskiya, fiye da 100 suka ji rauni. Ba a gama jimamin wannan ba sai gobara ta cinye kasuwar Azare, har Shugaban Ƙasa na wancan lokaci, Muhammadu Buhari, ya zo Bauchi da kansa ya yi jaje a cikin makon. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya mayar wa waɗanda suka yi hasara da alheri.

To, a nan ne ya kamata mai hankali ya tsaya ya yi tambaya. Duk wanda ya taɓa zaga unguwa bayan irin wannan iska ya ga abin mamaki: gida biyu katanga ɗaya ta raba su, an kwashe rufin ɗaya an jefar a gonar wani, ɗayan kuwa ko ƙusa ba ta motsa ba, alhali iska ɗaya ce ta bi ta kansu. Kakanninmu da suka yi soro da azarar giginya, suka danne ta da ƙasa, suka kewaye bakin rufi da rawani, ruwa ne abokin gabarsu, shi ya sa suke yaɓe kowace shekara suna gyara indararo. Iska ba ta samun inda za ta sa hannu. Mu kuwa da muka koma kwano saboda sauƙinsa da ƙawarsa, mun ɗora abu marar nauyi a kan ginin da ba a shirya shi domin riƙe shi ba. Iska in ta bi ta saman kwano takan zuƙe shi sama, in kuma ta sami ƙofa ko taga a buɗe ta shiga ɗaki, sai ta tura shi daga ciki, ƙarfi biyu su haɗu a kan rufi guda. Sa'an nan a dubi yadda ake aikin: katako ɗanye siriri wanda gara ta riga ta ɗanɗana, a aza shi a kan bulo ba tare da an ɗaure shi da rodi ko waya mai kauri a jikin linta ba, kwano mai laushi wanda yaro zai iya lanƙwasawa da hannu, ƙusa a buga ta jefi-jefi domin a rage kuɗi, baki kuma a bar shi ya zarce bango da yawa, wai don inuwa. Irin wannan rufi in ya tashi, iska ce ta tarar da kaba na rawa.

Laifin nan raba shi za a yi. Akwai mai gida wanda kafinta zai ce masa a sayo kaza, ya ce a yi maneji da rabi, ya kuwa sami kuɗin fenti da na ƙofar ƙarfe mai ado. Akwai kuma kafinta wanda aka ba shi kayan aiki cikakku, ya rage ya sa aljihu, ya rufe aibin da silin inda ido ba ya kaiwa. Na biyun nan ha'inci ne tsantsa, kuma in rai ya salwanta ta dalilinsa, sai ya tanadi amsar da zai bayar ranar gobe ƙiyama. Gyaran kuwa bai kai tsadar da ake zato ba: a ɗaure kowane katako a jikin gini, a yawaita ƙusa a gefe-gefe da kusurwoyi da kan tsaiko, domin nan iska ke fara kamawa, a taƙaita baki, wanda ya sami hali kuma ya ɗora rawani ya rufe gefen kwanon, musamman ta gabas. Jera duwatsu da tsofaffin tayoyi a kan rufi, kamar yadda aka saba, dabarar wanda ya rasa yadda zai yi ce, kuma dutsen nan in ya faɗo kan yaro ya zama wata musibar dabam. Mai jinka shi ma ya sake igiya tun bazara, ya duba rumbu da danga.

Sai maganar itatuwa. Garin da gawo da tsamiya da kuka da darbejiya suka kewaye shi, iska takan iso shi a gajiye. Garin da aka sare itatuwansa aka yi gawayi, da dukkan ƙarfinta take shigarsa. Masu gonaki a bakin kogin Jama'are sun ga yadda gaɓa ke zaftarewa inda aka share itace, to, abin da saiwa ke yi wa ruwa shi reshe ke yi wa iska. Sai dai a dasa da nisa kaɗan daga ɗaki, a kuma sassabe busassun rassan da suka rankwafo kan rufi kafin ruwa ya sauka.

Wani zai ce ai ƙaddara ce, abin da Allah ya rubuta ba makawa. Haka ne, kuma babu Musulmin da zai yi jayayya da wannan. Amma malamanmu na Malikiyya, waɗanda suka fi mu sanin ƙaddara, su ne suka hukunta cewa mai katangar da ta karkata, in aka yi masa gargaɗi ya sami damar gyarawa ya ƙi, sa'an nan ta faɗa wa wani, to, lamuni yana kansa. Da riƙo da sababi yana warware tawakkali, da ba su ɗora masa komai ba.

In hadari ya riga ya haɗo, a tattaro yara daga waje, a rufe ƙofofi da tagogi, a kashe wutar murhu, domin garwashi da iska su ne mafarin gobara. A zauna a ɗaki mafi ƙarfi, nesa da taga. Kada a fake gindin itace ko jikin tsohuwar katanga ko rumfar kasuwa, kada kuma mai gida ya fita ya ce zai riƙe kwanon da ke tashi, gama kwano a cikin iska yanka yake yi. Bayan ta lafa, kada kowa ya taɓa wayar lantarkin da ta faɗi ko ya taka ruwan da take ciki. A kai masu rauni asibiti, a sanar da mai unguwa domin labari ya hau ta wurin dagaci da hakimi ya isa ga ƙaramar hukuma da hukumar agajin gaggawa ta jiha. Agajin hukuma yakan zo, amma ba ya riga ruwa na biyu, saboda haka gayyar maƙwabta ita ce rufin farko na wanda aka yaye wa ɗaki.

Muna roƙon hakimai da dagatai da masu unguwanni su sa a zaga a duba katangun da suka tsage da rufin makarantu da na masallatai tun watan Afrilu, limamai su tuna wa jama'a a huɗuba, masu rediyo su saurari hasashen da hukumar kula da yanayi ta ƙasa ke bayarwa. Kai kuma mai gida da ka karanta wannan takarda, ka karanta wa maƙwabcinka wanda bai iya ba, sa'an nan ku kira kafinta ya hau rufinku tun sama tana fari.