KALMOMIN YARDA A TURANCI

Yawancinmu da mu ke koyon aikin malanta, in mun gama, ƙauye za a tura mu. Waɗansunmu za su sami kansu a ƙasar Dawakin Tofa, ko Bichi, ko Dambatta, ko Minjibir, inda gona ke manne da gona, ba daji tsakanin wannan gari da wancan. A irin wannan wuri aikin malami ba ya ƙarewa a ɗakin karatu. Da la'asar ta yi sai mu ji sallama, dattijo ya zaro takarda daga aljihu, ya ce, “Malam, duba mini, sun yarda ko ba su yarda ba?” To, amsar da za mu ba shi ita ce dalilin wannan darasi, gama kalmomin yarda a Turanci sun fi goma, kowace kuwa da nauyinta.

Ko a harshenmu ma haka abin ya ke. In aka je neman aure, uban yarinya ya ce “na ji”, ba mai hankalin da zai koma gida ya fara sayen goro. Sai ya ce “na ba ku” tukuna. Abin da za mu koya shi ne mu rarrabe “na ji” ta Turanci da “na ba ku” ta Turanci.

Mu fara da kalmomin da ke kama da yarda, alhali kuwa ba yarda ba ne. “Received” da “acknowledged” ma'anarsu takardarka ta iso, shi ke nan. “Noted” watau an karanta, an san da maganar. “Under consideration” ana kan dubawa, ba a yanke kome ba. Wadda ta fi ruɗin mutane ita ce “recommended”. Wannan shawara ce da na ƙasa ke miƙa wa na sama, yana cewa shi a ganinsa a yarda. Na sama yana iya bin shawarar, yana iya ƙinta. A ce manomi ya nemi rancen takin zamani, takarda ta dawo da “recommended”, malami ya ce masa an yarda. Sai ya daina neman takin gida, ya zauna yana jira. Ruwa ya sauka, gero ya tsiro, taki bai zo ba. Gonar da a ke nomawa kowace shekara ba hutu, in ta rasa taki, ina amfani? Kun ga kalma ɗaya ta jawo wa gida guda ƙarancin abinci. Kama da wane ba wane ba ne.

Kalmar da dattijon nan ke so ya ji ita ce “approved”. Asalinta daga Latin ne, tushenta kuwa yana nufin abu mai kyau wanda aka gwada aka tabbatar. Amma fa tana da fuska biyu. In aka ce “The council approved the plan”, majalisa ce mai iko ta amince, ana iya soma aiki. In kuwa aka ƙara mata “of”, aka ce “My father approves of the plan”, ma'ana ta sāke: uban yana ganin shirin da kyau, ra'ayinsa ke nan, ba izinin hukuma ba ne. Kowa yana iya “approve of”, amma mai iko kaɗai ke “approve”. Sa'an nan mu lura da abin da ke biye da ita. “Approved in principle” an yarda da manufar, amma ba a gama tsara yadda za a yi ba, ba a kuwa saki kuɗi ba. “Approved subject to” an yarda bisa sharaɗi, in sharaɗin bai cika ba, yardar ba ta aiki. Saboda haka kada mu tsaya da karatu inda kalmar ta faranta mana rai, mu kai ƙarshen jimla.

Sai “consent”. Ita ce yardar wanda abu ba ya halatta sai da izininsa, kamar waliyyi wajen aure. Nan ne maganar ta shafi gona sosai. A ƙasar nan mai yawan jama'a gona tana canja hannu ta hanyar gado, da saye, da jingina, da aro, yawanci gaban mai unguwa ko dagaci da shaidu. Amma in magana ta kai banki ko kotu, sai a buɗe Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda ta sa ƙasar kowace jiha amana a hannun Gwamna. Sashe na 22 ya ce wanda Gwamna ya ba shi haƙƙin zama a fili ba zai sayar ko ya jinginar ba sai da “consent” na Gwamna. Sashe na 21 kuwa, wanda ya shafi haƙƙin gargajiya irin na gonakin ƙauye, ya ce sai da “approval” na ƙaramar hukuma, in ba kotu ce ta sa a sayar ba. Kada mu ɗauka wannan ado ne na masu rubuta doka. A 1989, cikin shari'ar Bankin Savannah da Ajilo, Kotun Ƙoli ta ce jinginar da aka yi ba tare da “consent” na Gwamna ba ɓatacciya ce. In banki mai lauyoyi ya faɗa wannan rami, ina ga talaka mai dogara ga karatun malamin ƙauye?

“Assent” ƙanwar “consent” ce, amma ba a cika jinta ba sai a fada. Ita ce sa hannun shugaba a kan dokar da majalisa ta riga ta zartar. Tsarin mulkinmu na 1999 ya ba Shugaban Ƙasa kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi. In ya ƙi, kashi biyu cikin uku na kowace majalisa suna iya tabbatar da dokar ba tare da shi ba. A Ingila, rabon da mai sarauta ya hana doka “assent” tun 1708, zamanin Sarauniya Anne.

Akwai kalma ɗaya mai baki biyu, watau “sanction”. In aka ce “The expenditure was sanctioned”, an ba da izinin kashe kuɗin. In kuwa aka ce “to impose sanctions”, takunkumi aka sa, watau horo. Fatakenmu sun san wannan ma'ana ta biyu a jikinsu. A 2023, bayan juyin mulkin Nijar, ƙungiyar ECOWAS ta sa wa ƙasar “sanctions”, aka rufe iyaka, motocin da ke bi ta Jibiya zuwa Maraɗi suka tsaya, sai a 2024 aka janye. In mun gamu da kalmar nan, mu duba maƙwabtanta kafin mu buɗe baki.

“Allow” da “permit” kuwa bari ne, ba lalle da so ba. Mai gona yana iya barin shanu su ci kara bayan girbi, ba don yana murna ba, sai don kashinsu taki ne. “Agree” tana canja ma'ana gwargwadon ƙaramar kalmar da ta bi ta: “agree with” ra'ayinmu ya zo ɗaya, “agree to” na ɗauki alkawarin abin da aka kawo. Mutum yana iya cewa farashin gona daidai ne, bai kuwa yarda ya sayar ba.

Mu kanmu malamai muna da rabonmu cikin wannan, wajen kalmomin yabo. In mai duba makaranta ya rubuta “excellent”, madalla ƙwarai. Ƙasa da ita “very good”, sai “good”. “Satisfactory” ba laifi, an cika abin da a ke bukata ba ƙari. “Fair” kuwa dama-dama ce, wadda ya kamata ta sa malami ya sake shiri, ba ya yi ta gaya wa abokai an yabe shi ba. Ita kuwa “O.K.”, wadda ta fara bayyana cikin wata jaridar birnin Boston ta Amurka a 1839 a kan wasa, maganar baka ce, ba ta dace da wasiƙar hukuma ba.

Saboda haka, duk sa'ad da aka miƙo mana takarda, mu tambayi kanmu abu uku. Wa ya yarda, yana kuwa da ikon yarda? Yardar ta riga ta auku, ko ana sa rai ne? Akwai sharaɗi, ko babu? In mun kasa ganewa, ba kunya ba ne mu ce, “Baba, bari in tambayi wanda ya fi ni.” Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, matambayi kuwa ba ya ɓata.

Ga aikin wannan mako. Kowa ya juya waɗannan da Hausa, ya kuma faɗi wace ce a cikinsu za ta sa ya ce wa dattijo ya je ya soma aiki:

1. Your application has been noted.
2. The village head approves of the sale.
3. The loan is approved subject to two guarantors.
4. The request is approved.