Shirin Haihuwa a Gida: Yadda Za Ki Kare Katifarki Kuma Ki Kare Ranki

Uwargida mai juna biyu, shawarar da muke ba ki kullum a wajen awo ita ce ki zo asibiti ki haihu. Sai dai mun san naƙuda ba ta sallama. Wata takan taso da tsakar dare, wata da damina hanya ta yanke, wata kuma kafin a samo mota har jariri ya faɗo. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna kashi 59 cikin 100 na haihuwar da aka yi a Nijeriya a gida aka yi ta. Saboda haka ko kin yi niyyar zuwa asibiti, ki shirya ɗakinki tun da wuri.

Me ya sa za a rufe katifa?

Dalili na farko, katifar soso tana shan ruwa. Ruwan faya kaɗai yakan kai kusan lita ɗaya, ga jini, ga fitsari, wani lokaci har da bayan gida. In suka shige cikin soso, wanki da shanya ba za su fitar da su duka ba. Sai wari, sai ƙwayoyin cuta, kuma a kan wannan katifa ce ke da jaririnki za ku kwanta. Ƙwayar cutar hanta nau'in B tana iya rayuwa cikin busasshen jini har kwana bakwai ko fiye.

Dalili na biyu ya fi wannan girma. Zubar jini bayan haihuwa yana sahun gaba wajen kashe mata masu jego. Idan jinin ya kai rabin lita, wato cikin ledar ruwan sha guda ɗaya, an shiga haɗari. To katifar da ba a rufe ba tana shanye jinin a ɓoye. Ungozoma ta duba ta ga ɗan tabo, alhali jini mai yawa ya riga ya nutse. Leda kuwa takan tsare jinin a inda ido zai gan shi. Wani bincike da aka wallafa a 2023, wanda aka yi a asibitoci 80 na Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, ya nuna cewa auna jini da leda mai ma'auni tare da gaggauta magani ya rage munanan sakamakon zubar jini da kashi 60 cikin 100. A gida ba ki da irin wannan ledar, amma darasin ɗaya ne: jinin da aka gani da wuri shi ake tsayarwa da wuri.

Abubuwan da za ki tanada

1. Leda mai kauri guda biyu, ko makintosh irin na asibiti. Kowace ta fi katifar faɗi, kuma kada ta kasance da huji.
2. Zanin gado mai tsabta guda ɗaya.
3. Tsofaffin zannuwa huɗu ko biyar, a wanke da sabulu, a shanya a rana, a goge, a ninke cikin jaka. Masu haske sun fi, domin a zani mai duhu ba a gane jini.
4. Audugar mata, safar hannu, sabulu, bokiti biyu, bilic da tocila.
5. Sabuwar reza cikin takardarta, zare mai tsabta da man cibiya na kuloheksidin.

Yadda ake shimfiɗar

Ki yi wannan tun ciki yana sati 36, domin faya kan fashe mace tana barci. Kada ki ɗaga katifa da kanki. Ki sa maigida ko wata 'yar'uwa ta taya ki.

Da farko a shimfiɗa leda ta ɗaya a kan katifa, a cusa gefunanta ƙarƙashi ta kowane ɓangare. A ɗora zanin gado mai tsabta. Sai a shimfiɗa leda ta biyu a kansa, ita ma a cusa ta sosai don kada ta zame. A ƙarshe a rufe da tsofaffin zannuwa biyu, saboda leda tana da santsi da zafi, ba a kwanciya a kanta kai tsaye. Amfanin wannan hawa biyu shi ne, da zarar an gama haihuwa sai a naɗe ledar sama da zannuwanta a ɗauke. Ga shimfiɗa mai tsabta a ƙasa, mai jego ta kwanta ba tare da an tayar da ita tsaye ba.

In kin fi son durƙuso a ƙasa, ki shimfiɗa tabarma, leda a kanta, sannan zani. Kada jariri ya faɗo a kan turɓaya ko siminti.

Abin da shimfiɗar za ta gaya miki

Ki dubi launin ruwan faya a kan zani. In ya zo kore ko ruwan ƙasa, ko yana wari, jariri na iya kasancewa cikin wahala. A tafi asibiti nan take idan an ga ɗaya daga cikin waɗannan:

- jini kafin jariri ya fito;
- jini yana kwarara ba tsayawa, ko yana taruwa a kan leda, ko gudaji manya;
- jiri, gumi mai sanyi, ko bugun zuciya da sauri;
- mabiyiya ba ta faɗo ba bayan minti 30;
- naƙuda ta wuce awa 12;
- ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi ko jijjiga.

Kada a zubar da zannuwan da suka jiƙe. A sa su a leda a taho da su, domin su ne za su nuna wa likita yawan jinin da aka rasa. A hanya a riƙa murza mararta, a kuma sa wa jariri nono.

Bayan haihuwa

Mai wankin ta sa safar hannu. A fara ɗauraye zannuwa da ruwan sanyi, domin ruwan zafi yana kama jini a jikin tufa, sannan a wanke da sabulu a shanya a rana. Ledar kuwa a jiƙa ta minti 10 cikin bilic: in mai ƙarfin kashi 3.5 ne, gwangwani ɗaya na bilic, shida na ruwa. Wadda ta yage a binne ta inda yara ba za su tono ba.

Ledar ƙasa ta ci gaba da zama, domin jinin biƙi yakan kai har arba'in. Amma a ja zanin gado ya kame ta sosai, kuma kada a taɓa kwantar da jariri a kan leda tsirararta ko kusa da bakinta, tana iya toshe masa numfashi.

Waɗanda bai kamata su haihu a gida ba

Mai cikin fari, da wadda ta haihu sau biyar ko fiye, da wadda aka taɓa yi wa tiyata, da mai tagwaye, da mai hawan jini ko ƙarancin jini ko sikila, da wadda ta taɓa zubar da jini a haihuwar baya, duk wurinsu asibiti ne. Ku yi magana da maigida tun yanzu: ya ba da izinin fita ko ba ya nan, a ware kuɗin mota, a san direban da za a kira da wanda zai ba da jini.

In kina da tambaya, ki yi wa ungozomarmu ranar awonki na gaba. Allah ya sauke ki lafiya.